Rumbun Baba Altine

Har gobe ban manta da ranar da na riƙe wa baƙuwa tsani a wata tunga da ke bayan Maruda ba. Sunan tungar ba zan faɗa muku ba, na mai garin ma na sauya shi, in kun ji labarin za ku gane dalili. Ku sababbin ma'aikata nake so ku kasa kunne, don ku ne za ku riƙa shiga ƙauyukan nan bayanmu.

Lokacin ni ne jami'in ƙungiyarmu mai zagaya ƙauyuka. Ofishinmu ɗaki biyu ne a Kalgo, daga ni sai shugabarmu Hajiya Rabi sai wata fanka mai kuka. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Daga Gwandu har Kambaza duk wanda ka tambaya sai ya ce maka an gode Allah, amma in ka dubi yadda riga ta yi masa yawa, ka san inda aka kwana.

Ana cikin haka wata gidauniya ta fitar da sanarwa, ƙungiyoyin da ke yaƙi da yunwa su nemi tallafi. Ga wanda bai san yadda abin yake ba: za ku rubuta abin da kuke son yi, da inda za ku yi shi, da waɗanda za su amfana. Su tace. In kun tsallake, sai su turo mutum ya gani da idonsa, kuma abin da mutumin nan ya rubuta shi ne hukunci. Mu rumbun tsimi muka nema. Wato a sayo hatsi a ajiye a tungar, magidanci ya ara a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ya mayar bayan kaka. In ba a samu ba, mun san abin da zai biyo baya: matasa su watsar da gonaki su tafi neman na abinci, gari ya zama na tsofaffi da mata.

Muka tsallake tantancewa. Aka bugo waya aka ce wata Malama Asabe za ta zo.

Kun dai san ni, ba na iya zama wuri ɗaya. Tun kafin Hajiya ta ajiye wayar na tada babur. Na sami mai garin, Baba Altine, a gindin rumbunsa yana gyara jinka. Rumbun ƙasa ne babba, irin wanda muke kira ruhewa, baki a sama, ba a leƙa shi sai da tsani. A tsakiyar tungar yake, ta ko'ina ka ɓullo shi za ka fara gani. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na shiga roƙo.

"Baba, don Allah kada a yi girki. Kada a yi shara ta musamman, kada kowa ya sa kayan Sallah. Yadda kuke, haka nake so ta same ku. Kuma in ta yi tambaya a gaya mata gaskiya."

Ya dube ni ya ce, "Baƙuwar daga ina ta hito?"

Na ce daga nesa, tafiyar yini guda.

Ya ce, "Allah shi kawo ta lahiya."

Iyakar abin da na samu ke nan. Na komo Kalgo ina ta zirga-zirga a ofis. Hajiya Rabi ta ce, "Umaru, ka zauna mana, kujerar ba ƙaya a kanta." Na zauna, na miƙe, na sake zama.

Ranar da muka je a mota, ni da Hajiya Rabi da baƙuwar, tun daga bakin tungar na ji ƙamshin nama. Wallahi sai da na ji kamar in juya motar da hannuna. An share gari fes, an shimfiɗa tabarmi a inuwar bedi, wato itacen dogon-yaro, maza sun sha manyan riguna, yara an shafe su da mai suna ta ƙyalli. Aka kawo fura da nono a ƙwarya sabuwa, aka kawo tuwo, aka kawo naman akuya. Na harari Baba Altine, ya yi kamar bai san da ni a wurin ba. Don haushi na ja ludayi na sha furar nan har na ƙoshi, ina sha ina tsaki a zuci.

Malama Asabe mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta ci kaɗan, ta yi godiya, ta fara tambaya. Na farko da ta tambaya shi ne Mamman, maƙwabcin Baba Altine, wanda na san tun bazara gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya.

"Malam Mamman, yaya abinci a gida bana?"

"Alhamdu lillahi, Malama. Muna cikin rufin asiri."

"Yara suna ci sau nawa a yini?"

"Suna ci daidai gwargwado."

Haka na biyu, haka na uku. Ta shiga cikin gida wurin mata, ta fito da amsa iri ɗaya. Ni kuwa ina tsaye ina sauya ƙafa. In na buɗe baki in yi bayani, sai Hajiya Rabi ta taka mini ƙafa, don ƙa'ida ce ma'aikacin ƙungiya ba ya amsa wa mutanen gari tambaya.

Da aka ɗan sarara na ja Malama Asabe gefe. Na ce, "Malama, wallahi abin da kika gani ba haka yake ba. Kunya ce."

Ta ce, "Malam Umaru, ni ma a ƙauye aka haife ni. Na ga wuyan yaran nan, mai ba ya ɓoye ƙashi. Amma waɗanda suka aiko ni ba abin da na fahimta suke so ba, abin da na gani ko aka faɗa mini suke so. Akwai garuruwan da na je aka faɗa mini ƙiri-ƙiri. Me zan rubuta a nan? An yanka mini akuya, kowa ya ce lafiya lau?" Sai ta nuna da haɓa. "Wancan rumbun na waye? In na leƙa na ɗauki hoto, ya wadatar."

A wurinmu ba a leƙa rumbun mutum. Matarsa ma ba ta hawa, shi ke ɗebowa ya miƙo mata. Amma ba ni da wata dabara, sai na sami Baba Altine a bayan zaure na faɗa masa.

Ya ce, "A'a."

Nan fa raina ya ɓaci. Na manta da wa nake magana. Na ce, "Baba, na roƙe ku kada a yi girki, aka yi. Na roƙa a faɗi gaskiya, aka ƙi. Yanzu matar nan za ta shiga mota ta tafi, hatsin nan a kai wani gari. In yara suka fara kwanciya a watan gobe, kunya za a dafa musu?"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ɗana, baƙo ya taho tun daga nesa don mu, mu tarbe shi da hannu wofi? Ba mu gada ba. Shi kuwa wanga rumbu, shi ka riƙe da gari. Duk saurayin da ya ɗaure kaya zai tahi, in ya dube shi sai ya ce bari in ƙara haƙuri, in ta yi tsanani mai gari zai buɗe. In anka buɗe shi gaban jama'a yau, jibi ba ka samun mai riƙe hauya cikin garin ga."

Na ce, "To Baba, mene ne a ciki?"

Ya ce, "Abin da ya rage, shi kunka sha."

Sai na tuna furar nan da na sha don haushi. Ban taɓa jin kunyar cikina irin ta ranar ba.

Muna tsaye aka kira Azahar. Baba Altine ya dubi mutane suna ɗaukar buta. Can ya ce in kira baƙuwar. Da ta zo ya ce mata, "Ɗiyata, in jama'a sun shiga masallaci, ki hau ki gani. Ke kaɗai. Ba hoto, kuma ba sunan garin ga a bakin kowa. Kai kuma Umaru ka riƙe mata tsani, ka dubi ƙasa."

Ta ce, "Baba, ƙa'idarmu sai da hoto."

Ya ce, "To ki tahi da ƙa'idarki, Allah shi kiyaye hanya."

Ta dube shi, ta dubi wayar da ke hannunta, sai ta miƙa wa Hajiya Rabi ita. Ta tattare zanenta ta hau. Ni ina ƙasa na rungume tsani, idona a kan yatsun ƙafata kamar yadda aka umarce ni. Na ji ta ɗaga jinkar. Na ji ta sa kai ta ce, "Bismillahi." Sai na ji rumbun ya maido mata da muryarta, kamar ka yi magana a cikin randar da ba ruwa. Ni ɗan manomi ne. Rumbun da ke da hatsi ba ya amsa magana.

Ta mayar da jinkar yadda take, ta sauko. Wasu mata suna leƙe ta kan danga. Sai ta ɗaga murya yadda za su ji, ta ce, "Baba, Allah ya sa albarka." Ya ce, "Amin, ɗiyata." Ya juya ya nufi masallaci, ni ma na bi bayansa.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka kusa Gwandu. Nan Malama Asabe ta ce za ta rubuta abin da ta gani, amma rahoto ba hoto sai an yi ta ja da ita, kuma ba ta yi mana alkawari ba.

Jiran nan shi ya fi komai cin raina. Ruwa ya zauna, aka yi noman farko, shiru. Kullum ina duba waya kamar mai jiran haihuwa. In na je tungar, Baba Altine ba ya tambayata, ni kuma ba na iya haɗa ido da shi, don na sa dattijo ya buɗe abin da bai taɓa buɗe wa kowa ba, kuma ban san ko a banza ya yi ba. Samari biyu-uku suka tafi. Aka bugo daga gidauniyar ana tambayar hoto, Hajiya Rabi ta ce babu, kuma ba za a samu ba. Na ce shi ke nan, mun rasa. Ashe can Malama Asabe ta tsaya kai da fata, ta ce in ba a yarda da idonta ba, a daina aikenta.

Gero ya fara ciki aka ce an amince. Ya zo a makare, amma ya zo.

Ranar da muke sauke buhuna a ɗakin da ke jikin masallaci, wata damuwar ta taso mini. Baba Altine ba zai shiga layin masu ara ba, in ya shiga asiri ya tonu. Ina ta kai da komo ina neman dabara, Mamman yana sauke buhu daga kafaɗa ya lura da ni.

Ya ce, "Malam Umaru, mi ya hana ka tsayawa wuri guda?"

Na ce ba komai, ina dai tunanin mai gari ne, ko da yake shi rumbunsa yana nan.

Ya share gumi, ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Malam, tun bazara kaji sunka daina kiwo ƙarƙashin rumbun nan. Duk garin ga ba wanda bai sani ba."

Na ce, "Kun sani kuka yi shiru?"

"To mi za mu ce? Tsoho na hitowa kullum da sahe shina gyaran jinka don mu gani, hankalinmu shi kwanta. In munka nuna mun sani, mi ya rage mai? Ka sa shi mai awo. Mai awo ai shina da ladan awonai, kowa ya san haka."

Haka aka yi. Baba Altine ya zauna da tiya yana auna wa jama'a, a ƙarshen yini aka ware masa ladan awo a gaban kowa, ya karɓa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. Masu ba da tallafi suna son a nuna musu yunwa, kuma suna da gaskiya, amanar dukiyar wasu ce a hannunsu. Mutanenmu kuwa sun fi iya jure yunwa da a gan su da ita. Aikinku yana tsakanin biyun nan, kuma ba ranar da zai yi muku sauƙi. Tun daga lokacin, in za mu kai baƙo gari, mukan aika da hatsin tarbarsa tun kafin ya iso, don girkin nan ko kun hana sai an yi. Ba ma kuma tambayar magidanci abin da ke gidansa a gaban maƙwabcinsa.

Rumbun yana nan har yanzu. Duk lokacin da na bi ta tungar na tarar da Baba Altine a gindinsa, nakan tsayar da babur in ce, "Baba, Allah ya sa albarka." Ya ce amin. Ban taɓa ɗaga kai na dubi bakin rumbun ba, shi ma bai taɓa tambayata abin da na ji a gindin tsani ba.