Tayoyin Ƙasar Ƙanƙara

Motar ta ɗan kawuna ce. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta kwanta rub da ciki tana sauraren wani abu a cikin ƙasa. A Kwatano ya sayo ta, shekarun da cinikin shinkafa ya yi masa daɗi. Ranar da ta shigo Kura, masu tumatir na bakin titi sun bar kwandunansu sun bi ta da ido har ta sha kwana.

Bai more ta sosai ba. Ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kasuwa ta tafi ta bar shi. Motar ta shekara huɗu a ƙarƙashin rumfar kwano, lulluɓe da tampol. Mutane suka yi ta zuwa neman saye, ya hana.

Ni taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, don haka tun muna yara ba ni da suna a bakinsa sai bawa. Sana'ata ban-ruwa. Ina da inji biyu da tiyo, ina ja wa gonakin da ruwan kanal ba ya kai wa. A firamare na tsaya, amma ina karanta lamba, kuma kowa ya san halina: in na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon, in na kashe inji sai na juyo daga rabin hanya in tabbatar. Ina jin saboda wannan hali ya kira ni.

Na same shi a tsaye, ba sanda. Allah ya ba shi sauƙi, har ya sa makaniki ya tayar da motar. Tayoyi kaɗai suka rage. Zama ya cinye su, duk sun tsattsage kamar faso a diddige.

"Bawana, zo ka ga aikinka," ya ce. "Shekara huɗu kowa yana taya motar nan, ba wanda ya taya ni neman taya."

"Alhaji, ai ubangidan kirki da kansa yake zuwa kasuwa."

"In na je me zan ci da kai? Saurara. Ƙarshen watan nan yarinyar nan za ta samu hutu a Zariya. Na yi mata alkawari da kaina zan je in ɗauko ta, a cikin wannan. Rabon ta da ni ina jan ƙafa."

'Yarsa ta fari yake nufi, wadda ke karatu a can. Ita ta riƙa ba shi abinci a baki farkon ciwon. Ya miƙo mini abin da ya iya haɗawa, ya ce kada in nemi sababbi, in dai samo masu rai da za su kai shi su dawo da shi.

Na durƙusa na kwafi lambar da ke jikin tayar gaba a bayan kwalin magani. Na tashi zan tafi, zuciyata ta ƙi. Na zaga na kwafi sauran ukun, yana ta yi mini dariya wai ko ƙidayar jama'a nake. Sai ga shi lambar na baya daban take da ta na gaba, na bayan sun fi faɗi. Shi kansa bai taɓa lura ba. Na tafi birni ina jin daɗi a raina, ina ganin yau wasiwasina ya yi rana.

A kasuwar kayan mota na shiga shago ya fi goma. Duk wanda na miƙa wa kwalin sai ya duba ya ɗago ya dube ni, ya ga takalmin roba da taɓo a bakin wando, ya ce, "Malam, jirgi ne da kai?" Wani yana da sababbi. Da ya faɗi kuɗi na zaci na huɗun yake nufi, ashe na ɗaya ne. Na yi masa godiya na fito.

Wajen la'asar na samu wani mai na hannu, waɗanda ake cewa Beljiyam. Ya ja ni rumbunsa na baya, inda tayoyi suke jibge har rufi, wurin yana warin roba da ruwan teku. Ya zaro mini kashi biyu masu lambar da nake nema. Na farko zanensu ya fara shafewa, jikinsu da tauri. Na biyu zane mai zurfi, da ƙananan tsagu birjik kamar an yi musu zanen ƙwarya, kuma abin mamaki sun fi araha.

A nan na yi abin da na iya. Shekara ashirin ina sayen tiyo, kuma da farce nake gane shi. Wanda rana ta kashe, in ka danna ba ya motsi. Mai rai kuwa sai ya lotsa ya dawo. Na danna na farko, kamar dutse. Na danna na biyu, suka lotsa a hankali suka dawo, kamar kumatun jariri. Na danna su ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, na mirgina kowacce zuwa hasken ƙofa ina neman faci. Babu.

A gefen kowacce akwai wata 'yar alama, dutse mai kai uku da fure a cikinsa, mai kunne shida.

"Wannan fa?" na tambaya.

"Tambarin kamfani ne, ina ji. Maigida, ka iya zaɓe. Irinka ba a cutar su."

Ban ce ya sani ya ɓoye ba. Har yau ban sani ba, kuma ba na son ɗaukar alhakinsa. Ni dai furen ya burge ni. Na ɗora su a bayan a-kori-kura, na zauna a kansu har Kura, iska tana kaɗa ni, gonakin shinkafa suna wucewa kore shar.

Washegari na kai su da wilin motar wurin wani dattijo mai faci a bakin titi, wanda ya daɗe yana aiki a Legas kafin ya dawo gida. Ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, har ya sa wa ta huɗu iska. Sannan ya goge hannu, ya sa yatsa a kan furen.

"Wa ya zaɓo waɗannan?"

"Ni ne, Baba. Akwai matsala?"

"Ka san wannan?"

"Fure ne."

"Ƙanƙara ce. Dusar ƙanƙara, irin wadda ke zubowa a ƙasashen sanyi. Don ita aka yi tayoyin nan. Shi ya sa ka ji su da laushi, don kada sanyi ya sandarar da su. A kwaltarmu kuwa, da wannan bazarar, sai su yi ta narkewa suna cinyewa. Birki ma ba ya kama su yadda ya kamata."

"Za su kai Zariya?"

"Da wace mota?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai.

"Wannan jar? Wadda ba ta san a hankali ba? Ni dai ba zan sa ɗana a ciki ba. Wataƙila su je su dawo lafiya. Wataƙila kuma. Allah ne masani."

An riga an ɗaura su a wili, mai shago ba zai karɓa ba. Na kai su gida, makaniki ya ɗaura wa motar, aka sauke ta daga kan bulo. Alhaji ya zagaya ta yana shafawa da hannunsa na hagu, wanda da ba ya ɗaguwa. "Bawana ya yi abin kai," ya ce. "Na kusa 'yanta ka." Na buɗe baki, na ga fuskarsa, na rufe.

Kwana uku na yi da maganar a cikina. Ina ban-ruwa a wata gonar tumatir ta wajen Bunkure, aikin da ba ya son komai sai tsayuwa: ka buɗe wa fangali ruwa, ka jira ya cika, ka toshe, ka buɗe na gaba. Ina tsaye ruwa yana bin ƙafata, hankalina kuwa yana can ƙasar da ban taɓa gani ba.

Ƙanƙarar da na sani biyu ce, wadda ke faɗowa da ruwan farko tana fasa ganye, da wadda ake sa wa zoɓo a kula. Wannan kuwa an ce ba ta da ƙara. Na riƙa ganinta tana sauka kamar audugar rimi, tana rufe hanya da rufin ɗakuna da kan dabbobi, har duniya ta yi fari ta yi tsit. Na ga wata hanya tana hawa dutse mai kai uku, da wata mota tana binta da fitila a kunne da rana tsaka. Wane ne a ciki? Wataƙila shi ma wani uba ne zai je ɗauko 'yarsa. Tayoyin nan sun kai shi sun dawo da shi, shekara da shekaru, ba su taɓa cin amanarsa ba. Sai aka cire su aka sa a jirgin ruwa, suka yi ta tafiya a cikin duhu, suka farka a hannun mai tiyo. Har tausayinsu na ji. Wani lokaci sai na ga farin nan ya sauko kan gonar da nake tsaye, ya lulluɓe jan tumatir, belbelu sun ɓace a cikinsa, kanal yana hayaƙi. Sai in farga ruwa ya tsallake fangali yana shiga gonar maƙwabci.

Na yi ta lallashin kaina. Dattijon ai wataƙila ya ce. Motoci nawa ke yawo da irinsu ba wanda ya sani? Zariya ba nisa. Sai wata zuciyar ta ce, da hantsi zai tashi, da azahar zai dawo, lokacin da kwalta ke kama takalmi. Kuma na san shi. In ya ga hanya ta miƙe, da yarinyar a gefensa, zai so ta ji abin da motar ta iya. Kujera biyu ce, ba ta uku. Ni da na zaɓo tayoyin ina nan a gona, su biyun ne za su kasance a kansu.

Rana ta uku, ina komawa a kan babur, na wuce wani baƙin ɓawon taya a gefen titi wajen Kadawa, wayoyinsa a waje. Kullum ina wuce irinsa ban taɓa kula ba. Ban tsaya gida ba, na zarce wurinsa.

Yana zaune a kan tabarma kusa da motar, an wanke ta tana ɗigar ruwa. Na zauna nesa kaɗan na faɗa masa duka, har da kwana ukun da na yi shiru. Na jira ya zage ni, ko ya yi mini ba'a. Bai yi ko ɗaya ba.

"Babu wasu?" ya tambaya.

"Akwai masu tauri, su ma ban amince da su ba. Sababbi kuwa ka sani."

"Kuma kai ka ce kada in je."

"Ban isa in hana ka ba, Yaya. Amma in ka je, a wuyana take."

Rabon da in kira shi Yaya tun rasuwar kawu. Ya daɗe yana kallon motar. Ya tashi ya shiga gida bai ce mini sai an jima ba. Na zauna ni kaɗai har ruwan da ke ƙarƙashinta ya bushe.

Yarinyar a motar haya ta dawo. Ban je tararta ba, kunya ta hana ni. Ita ce ta zo har gida da yamma, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baffa, Abba ya ce in tambaye ka. Tayoyin nan, zafi ne ba sa so, ko tafiyar ce gaba ɗaya?"

"Zafi, da gudu."

"To da sassafe fa? A hankali?"

Na ce sai na tambayo. Na koma wurin dattijon, ya yi dariya har da tari. "Da sanyin asuba, kamar mai rakiyar amarya? Ku je. Rana ta ɗaga ku dawo."

Ana idar da sallar asuba suka fito. Ya sa fararen kaya, ya shiga da kansa ba wanda ya riƙe shi. Ta zauna a gefensa tana gyara mayafi. Ni kuma na ɗaure jarka biyu na ruwa a bayan babur.

"Wannan na mene ne?" ya leƙo ta taga.

"Ko za su yi zafi."

"Kin ga mutumin da na gaya miki? Tumatir ya mai da su."

Muka kama hanyar Bunkure. Gari bai gama wayewa ba, tururi yana tashi daga kanal yana kwanciya a kan shinkafa. Motar tana tafe a cikinsa tana gurnani ƙasa-ƙasa, jan jikinta yana ɓacewa yana bayyana. Masu zuwa gona a kan keke suna matsawa gefe, wani har ya wuce ta ya waiwayo. A kowane tudun rage gudu sai ya karkata ta ya haye da ƙafa ɗaya-ɗaya. Ni idona yana kan tayoyin baya, ina kallon yadda suke barin sawu a kan raɓar kwalta. Ta gilashin baya ina hango kawunansu biyu. Nata yana juyawa wajensa, yana komawa, yana sake juyawa. Ban san me suke faɗa ba. Sau ɗaya na ga kafaɗunsa suna rawa, na gane dariya yake.

Mun wuce gadar kanal ta biyu sai na ji ɗumi a bayan wuyana. Rana ta fito daga bayan itatuwan mangwaro. Na bar su suka ƙara kaɗan, suka sake ƙara kaɗan, har na ga inuwar motar ta fito sosai a kan titi. Sannan na danna hon.

Bai tsaya nan take ba. Na sake dannawa. Sai jar fitilar baya ta kama. Ya fito da hannu ta taga ya yi mini daƙuwa, ya nemi wuri mai faɗi a bakin wata gonar albasa, ya juya kan motar zuwa gida.