Shekarar da Aka Shafa wa Soronmu Siminti

A farkon watan Agusta na shekarar 1960, kwanaki kaɗan bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu, soron kakata ya faɗi. Da hantsi ne. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye bai ɗauke ba, irin yayyafin nan mai naci wanda ba tsawa ba iska, sai dai ya jiƙa komai. Ina tsugune a madafi tare da Inna, mahaifiyata, muna fama da jiƙaƙƙen itace da ya ƙi kamawa, hayaƙi na sa mu hawaye, sai muka ji wata ƙara mai nauyi, kamar an sauke lodin ayarin raƙuma gaba ɗaya a ƙasa. Da na leƙa tsakar gida sai na ga jar ƙura ta tashi cikin ruwan sama, kuma inda idona ya saba ganin tulluwar soro da zankayenta babu komai sai farin hadari. Inna ta saki mafici, ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Wayyo Allah, Iya na ciki!" Iya ita ce kakata, mahaifiyar Baba. Ni kuwa lokacin ban wuce shekara goma sha ɗaya ba.

Gidanmu yana cikin Birni, a Damagaram, jingine da ɗaya daga cikin manyan duwatsun nan da suka tsaya a tsakiyar unguwa. Asalinmu mutanen Barno ne. Kakana namiji, wanda ban tarar da shi ba, fatake ne, kuma da ribar fatu da kanwa ya gina gidan. Daga waje za ka fara da zaure mai faɗi, fuskarsa cike da zane da aka ƙwaƙule a jikin laka, ga dagi ga takobi ga wasu layuka masu zagaye da juna waɗanda na sha bi da yatsa ina neman inda suka fara ban samu ba. A can ƙurya soron Iya yake. Bangonsa ya yi kaurin da yaro zai kwanta a bakin taga ya miƙe ƙafa. Daga kusurwowinsa bakuna suka taso, suka tanƙwara a hankali har suka haɗu a sama, kuma a daidai mahaɗarsu an manna wata tasa ta tagulla. A watan bazara, lokacin da rana ke ƙona tafin ƙafa a tsakar gida, in ka shiga soron nan sai ka ji kamar ka tsoma kai cikin randa. Nan muke gudu mu kwanta bayan mun taso daga lakwal, wato makarantar boko, Iya na kaɗi, ƙamshin turaren wutarta ya kama ko'ina, tana ba mu labarin garuruwan da ita ma ba ta taɓa gani ba sai ji daga bakin mijinta.

Amma gidan ƙasa yana da hidimarsa. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an yi yaɓe, kuma aikin gida duka ne. Maza su tafi kududdufin bayan ganuwa su haƙo jar ƙasa, jakai su kawo ta a mangala, a zuba a ƙofar gida a cuɗa da tattaka da kashin doki a bar ta ta ruɓa. Mu 'yan mata namu shi ne tara ɓawon ɗorawa, mu jiƙa shi har ruwan ya yi duhu ya zama makuba, wadda ake shafa wa bango don ruwan sama ya zame. Malam Ari magini, wani dogon dattijo mai ƙaton tafin hannu wanda ubansa ne ya gina gidan tun farko, shi ke hawa sama. Daga ƙasa ana cilla masa curin laka yana cafewa, yana manna wa bango yana shafewa, har shatin yatsunsa ya fito a jere kamar kunyar gona. Mata kuma su yi daɓen ɗakuna, kowace da madaɓinta, suna bugawa tare suna waƙa, maƙwabta su shigo taya mu, a dama fura a babbar ƙwarya. Ragowar lakar tamu ce. Mu gina 'yan ɗakuna a gindin dutse, mu yi musu zanko da tsinke, mu aurar da 'yar tsanar kara a ciki.

Abin da ba na so in ɓoye shi ne wahalar ruwa. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san ta. Yaɓe kuwa ruwa yake sha, kuma a daidai lokacin da rijiyoyi suka ja baya ake yinsa. Tun da asuba muke fita da tuluna mu bi layi, guga ya dawo da rabin laka, mu ɗauko mu hau tudu mu sauko. Wuyana har yau yana tuna mini. Akwai shekarar da Inna, da tsohon ciki, ta zame da tulu a kan dutse, cikin ya zube. Ba a yi maganar a gabanmu ba, amma mun ga yadda abin ya tsaya wa Baba a rai.

Baba yana sayen gyaɗa a ƙauyukan Gaffati da Droum yana kai wa kantunan Turawa, wani lokaci ya bi kamyo, babbar motar kaya, har Kano. Can da nan yana ganin sababbin gine-gine: biro-biro, wato ofisoshin kwamanda Baturen mulki, gidajen ma'aikata, bango sumul mai launin toka wanda ba ya neman kowa ya taɓa shi shekara da shekaru. Bayan abin da ya sami Inna, da kakar gyaɗa ta yi kyau, sai ga shi ya shigo da buhunan siminti a kan amalanke. Ya ce za a shafe soron Iya da zaure daga sama har ƙasa, kowa ya huta. Ba wanda ya musa. Malam Ari da kansa ya karɓi aikin da murna, ya je ya tsaya wurin masu ginin gwamnati ya ga yadda ake kwaɓawa, ya sayo cokalin gini, abin da hannunsa bai taɓa buƙata ba. Zanen fuskar zaure ne kawai ya sa shi tsayawa jim, sannan ya bi ta kansa ya shafe. Da aka gama, mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo suna shafa bangon da tafin hannu. Iya ta fito da sandarta ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wa Baba, "Allah ya yi maka albarka, Abba. Yau jikokina sun ajiye tulu."

Kuma mun ajiye. Bazarar da ta biyo, sa'ad da sa'o'ina ke jigilar ruwan yaɓe, ni ina inuwa ina carafke da duwatsu, ina jin kaina 'yar gidan zamani. A lakwal mushenmu, malamin ajinmu, ya zana gida a allo, mai kusurwa huɗu da rufin kwano da taga biyu, ya ce mu kwafa; na kwafa da kyau, a raina ina cewa namu ma ya kusa zama haka. Maƙwabta da ba su da hali suna ta cewa in Allah ya hore su ma za su yi.

Ba mu san cewa siminti da laka ba sa riƙe juna ba. Rana ta buga shi, sanyi ya buga shi, ya yi 'yan tsaga sirara kamar gashi, musamman a gindin indararo inda ruwan rufi ke sauka. Ruwa ya sami hanyar shiga, bai sami ta fita ba. Da can in bango ya jiƙe, rana ɗaya ta ishe shi bushewa, in kuma ya zaizaye kowa zai gani a cike wurin. Yanzu daga waje lafiya lau yake, ciki kuwa yana narkewa, gara na cin azarar da ke riƙe da bakuna. Mu yara mun gano cewa akwai wuraren da in ka ƙwanƙwasa sai su yi amo kamar ganga, muka mai da shi wasa, muna kiɗa muna gaɗa da yamma, manya na wucewa suna dariya. Soron ya fara warin danshi. Iya, da yake mace ce mai tsabta da kunya, ba ta faɗa wa kowa ba, sai ta ƙara yawan turaren wuta. In baƙi suka shigo sai su ce, "Kai, matan Barno da ƙamshi!" Haka aka yi damina uku ko huɗu.

Ranar da ya faɗi, kafin ƙurar ta lafa maza sun cika gidan. Baba ya iso daga zaure ba hula ba takalmi. Ba a yarda an sa fartanya ba don kada a sari Iya, da hannu aka yi ta tono, ana jan azara tana ɓarkewa kamar ruɓaɓɓen kara, ana ɗaga faifan siminti masu kaifi da suka yanyanka wa mutane yatsu. Malam Ari ne ya nuna inda za a nema, don ya san kusurwar da gadonta yake. Aka same ta da rai. Baka ɗaya ya jingina da bango ya yi mata rumfa, amma tubali ya danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Fuskarta duk jar ƙasa, ba ta yi kuka ba, sai salati. Aka ɗora ta a kan ƙyauren ƙofa aka nufi likita da ita cikin ruwa, ina biye a baya ba wanda ya lura ya kore ni. A hanya na ga ƙananan tutocin bikin 'yanci da aka rarraba mana a lakwal, an ɗaura su a igiya, sun jiƙe launinsu na zuba.

Ƙashin ƙugunta ya karye, kuma a shekarunta ba ya ɗoruwa. Da aka dawo da ita, Baba ya sa an tayar mata da ɗaki cikin gaggawa, na bulo da rufin kwano, don ya rantse uwarsa ba za ta sake kwana ƙarƙashin ƙasa ba. Ɗakin nan da rana tanda ne, in ruwa ya sauka kuma ba ka jin maganar na kusa da kai. Ni aka ba aikin yi mata fifita. Tana kwance tana kallon kwanon, wani lokaci ta ce in tsoma zane a ruwa in rataya a taga. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Sau ɗaya kawai, Baba na zaune a bakin gadon kansa a sunkuye, na ji ta ce masa, "Ka daina, Abba. Alheri ka nufa." Ya tashi ya fita. Ta rasu bayan an yi girbin gero, kafin a kai shi rumbu.

Malam Ari ya zo gaisuwa ya zauna nesa da mutane. Daga baya ya ce wa Baba zai sake tayar da soron da hannunsa, kamar yadda ubansa ya yi shi, ba ya son ko goro. Baba ya yi godiya ya ce a bari tukuna. Ba a sake tada maganar ba. Tarin ƙasar ya zauna a ƙuryar gida, ciyawa ta fito a kai, awaki na hawa. Sauran ɗakunan, waɗanda muka daina yi wa yaɓe tun da aka saba da hutu, su ma suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba Baba ya sayar da gidan muka koma sabuwar unguwa, gidan bulo a bakin titi, inda ba mu san maƙwabta ba kuma ba abin da zai sa su shigo taya mu. 'Yan'uwan Baba da muke zaune tare kowa ya kama gabansa. Har Baba ya bar duniya ban ƙara ganin ya bi ta layin tsohon gidan ba. In hanya ta kai shi Birni sai ya zagaya.

Yanzu ina da jika mai karatun zanen gine-gine a Yamai. Kwanakin baya suka zo Damagaram ita da 'yan ajinsu, malaminsu ya turo su su dubi tsofaffin gidajen Birni, su auna, su ɗauki hoto, don su sami abin koyi. Ta ce mini yanzu manyan masu zane a ƙasashen duniya sun dawo kan ƙasa, suna neman yadda za a yi gida mai sanyi ba tare da lantarki ba. Ta nuna mini hotuna a wayarta, makarantu da ɗakunan karatu na jar laka, kyawawa ƙwarai. Na raka su har inda gidanmu yake. Shaguna ne na bulo a wurin, ana sayar da kayan babur. Na tsaya a bakin kwata ina nuna musu da sanda: nan zaure, nan madafi, can soro. Jikata tana saurare tana zanawa, kafin la'asar ta fito da shi a takarda, kaurin bangon da tanƙwarar bakunan, kusan yadda yake. Na daɗe ina kallo. Sai na tambaye ta, "To, 'yar nan, wa zai yi masa yaɓe in bazara ta zo? Wa zai ɗebo ruwan?" Ta ce ba su kai nan a karatu ba tukuna.

Ina yi musu fatan alheri, Allah ya sa su gina abin da ya fi namu. Na dai koma gida na kwanta ƙarƙashin kwanona, fanka na juya iska mai zafi, ina lissafa mutanen da suka taɓa sa hannu a bangon nan. Ba wanda ya rage sai ni.