Kiɗan Inna da Takarar Mai Taya

Duk wanda zai rubuta tarihin kiɗan fim a ƙasar Hausa, in har yana da adalci, dole ya keɓe babi guda ga wani shago mai ƙofa ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin mai faci da mai wankin hula. A nan na yi aiki, kuma a nan aka yi abin da har yau ban manta da ranarsa ba, duk da na yi ƙoƙari.

A ƙarshen 1998 ne, sojoji sun ce za su koma bariki, ana ta shirin zaɓen ƙananan hukumomi. Ni kuwa na bar koyar da adabi a sakandare na zama mai kiɗan fim, sana'ar da mahaifina ya rasu bai samo yadda zai bayyana ta ga abokansa ba.

Ku da kuke aiki da kwamfuta yanzu sai na yi muku bayani. A lokacin, in an gama ɗaukar fim an tace shi, sai a kawo mini kaset ɗin bidiyo. In zauna gaban ƙaramar talabijin da fiyano a cinyata, ina kallo ina bin hoton da kiɗa. Abin da ya yi daɗi sai in adana shi a cikin fiyanon. Fiyanon kuwa, da duk abin da ke cikinsa, na mai shagon ne, Alhaji Mudi. Ni yatsu kawai na kawo.

Wani matashi daga Darmanawa, Sabi'u, ya kawo fim ɗinsa na farko. Yawancinsa abin da kuka sani ne, amma akwai fitowa ɗaya da ya tsaya a kanta. Saurayi ya dawo daga Legas da turmin atamfa da ya sayo wa mahaifiyarsa, ya karyo kwanar layinsu sai ya hangi tabarmi a ƙofar gida, maza sun zazzauna. Sabi'u ya gaya mini, yana kallon bango, cewa haka ta faru da shi, har atamfar ma ita ce aka yi fim ɗin da ita. Ya ce ba ya son waƙa, ba ya son kuka, kiɗa kawai yake so wanda zai sa mai kallo ya tuna uwarsa.

Na daɗe a kan kiɗan nan. A ƙarshe na samu wani abu da muryar sarewa, a hankali, ya hau kaɗan ya sauko, kamar mutum ya buɗe baki zai yi tambaya ya fasa. Da Sabi'u ya ji, ya tashi ya fita waje, sai da aka yi la'asar ya dawo. A ajiyar fiyanon na sa masa suna Kiɗan Inna.

Sai na yi tafiya ta'aziyya ƙauyenmu. Ranar da na dawo, ina saukowa daga mota a Tarauni, wata bas mai lasifika a ka ta wuce ni tana tashin waƙar wani ɗan takarar kansila, dillalin tayoyi da ake kira Mai Taya. Ganguna ne da tafi, yara na bin motar. Sai da ta yi nisa na gane me nake bi da baki. Kiɗan Inna ne, an ƙara masa gudu, an ɗora amshi a daidai inda sarewar take saukowa: sai Mai Taya.

Alhaji Mudi bai musa ba. Ya ce mutanen ɗan takarar sun zo da mawaƙinsu suna sauri, ba na nan, ya duba ajiya ya ga wannan ya fi daɗi, ya murɗa maɓallin gudu da kansa.

"Malam, naka na kuka ne, wannan na rawa. Wa zai haɗa su?"

Na ce masa duk mai kunne. Ya ce matsalata ke nan, karatu ya sa ina zaton kowa yana sauraro.

Na je na sami Sabi'u na ce zan yi masa wani kiɗan, wanda ma zai fi wannan. Ya ƙi. Ya ce ya riga ya ji mahaifiyarsa a cikin wannan, ba zai bar wa mai sayar da taya ita ba. Zaɓe zai wuce, a cewarsa, mutane za su manta. Ban ja da shi ba, don ni ma na so hakan ta zama gaskiya.

Zaɓe ya wuce. Kafin a kai fim kasuwa akan nuna wa diloli masu sarin kaset su gani ko za su ɗauka, sai Sabi'u ya ari wani aji a Daurawa da rana, aka rufe tagogi da zannuwa. Diloli suka zo, 'yan wasa suka zo, mutanen unguwa suka cika baya. Ina kusa da shi a benci.

Saurayin ya karyo kwana da atamfarsa. Wata dattijuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Sarewa ta taso, ta hau, ta fara saukowa. A can baya wani ya bi ta da hanci, ba da niyyar komai ba. Wani ya ƙarasa masa da ƙarfi: sai Mai Taya! Aka fashe da dariya, aka kama tafi, wani dila ma ya miƙe yana kaɗa kafaɗa. A talabijin yaron ya durƙusa gaban tabarmi, atamfar ta faɗi ƙasa, ba mai kallonsa.

Sabi'u bai motsa ba har aka watse. Ina naɗe wayoyi ya zo ya tsaya.

"Da tana da rai ita ma da ta yi tafin, Malam. Ba ta iya jin ganga ta zauna."

Na ce haka ne, ko da yake ban san ta ba.

"A cire shi," ya ce. "Kar a sa komai."

Washegari na cire. Fim ɗin ya fita kasuwa fitowar nan ba kiɗa, sai ƙarar takalmin yaron da kukan wata akuya da ta shiga ɗauka ba a gayyace ta ba. Sabi'u ya yi wasu finafinan bayan nan, duk na barkwanci, kuma bai sake tambayata wane kiɗa zan sa ba.

Abin da na koya a sana'ar nan ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zo koyo wurina. Kiɗa ba na wanda ya yi shi ba ne, ba kuma na wanda aka yi dominsa ba. Na wurin da jama'a suka fara jinsa ne, kuma ba a ƙwace shi daga can. Mutanen ajin nan ba mugaye ba ne. Kowannensu yana da uwa, wasu ma sun binne tasu. Bas mai lasifika ce kawai ta riga mu isa kunnensu.

Shi kuwa Mai Taya, ko akwatin ƙofar gidansa bai ci ba.