Badaru Ba Ya Cewa Babu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Mile 3 ta Fatakwal a shekarun baya, da wuya a ce bai taɓa kauce wa baron Badaru ba. Dogo ne siriri, mutumin wani ƙauye a gabashin Gumel. A saman tirelar albasa ya zo Kudu yana ɗan ashirin da biyu, da niyyar ya yi cin rani ɗaya ya koma gida. Damina goma sha shida ta same shi yana nan. A nan ya auri Rahinatu, 'yar wani mahauci mai suna Gimba, haifaffiyar unguwar Diobu, wadda in ranta ya ɓaci Buroka, wato Turancin kasuwa, ta fi Hausa saurin zuwa bakinta.

Halin da aka san Badaru da shi, a wurin uwarsa ya gado. Ita mai sayar da kayan miya ce a cikin gida, kuma ba a taɓa jin ta ce wa mai saye babu ba. In an aiko sayen kuka alhali ta ƙare, sai ta ƙulla kuɓewa ta miƙa, ta ce a gaya wa matar gidan yau miyar kuɓewa ta fi dacewa. Haka Badaru ya tashi. A ganinsa, mutum ya zo da buƙata ka sallame shi hannu biyu, abin kunya ne babba.

Cikin masu ɗaukarsa dako akwai Madam Ibiso, wata 'yar kasuwa mai ƙiba da faɗa, amma mai riƙon amana. Shekara tara yana bin ta da baro. Ya san doyar da za ta yi sakwara tun kafin a yanka, ya san manjan da aka yi wa haɗi da ido kawai. Da ta buɗe babban kanti a gefen titin Ikwerre, irin wanda mutum zai zauna a gida ya zaɓi kaya a waya a kawo masa har ƙofa, sai ta tuna da shi. A lokacin kuwa bayansa ya soma yi masa gargaɗi.

Aikin ba wuya. An ba shi riga ruwan ganye mai tambarin kanti, da waya. In oda ta shigo, hotunan kayan za su fito, shi kuma ya tura kwando ya bi layi yana ɗauka, ya ɗaure, ya miƙa wa masu okadan kanti. Bokonsa bai yi nisa ba, amma hoto ai ba ya buƙatar malami. Ranar farko Madam ta ba shi doka guda. Ta ce in abin da aka nema ya ƙare, ya saka wanda ya fi kusa da shi.

Sauran ma'aikata sun fahimci dokar da cewa in babu sabulun wannan kamfani, a saka na wancan. Badaru kuwa ya ɗauke ta da zurfi. Shi sai ya tsaya ya yi tunanin me mutumin yake son yi da abin, sannan ya nemo masa mafita.

Wani ya yi odar ruwan kurkure baki, aka duba babu. Badaru ya fita har bakin masallaci ya sayo asuwaki uku masu kyau ya saka. Wani injiniya ya yi odar abincin kare na gwangwani. Badaru ya daɗe yana kallon hoton, don bai taɓa sanin ana yi wa kare girki a kamfani ba. Da ya tabbatar ya ƙare, sai ya je wurin surukinsa Gimba ya karɓo ƙasusuwa da huhu cikin leda. Injiniyan ya bugo waya ya yi ta faɗa. Bayan kwana huɗu ya sake bugowa, murya ƙasa ƙasa, yana tambayar inda ake samun irin wannan, wai karen ya ƙi kallon gwangwani tun daga ranar.

Akwai ma wanda ba ƙarewa ya yi ba. Wata mata ta yi odar madara mai shuɗin marfi, Badaru ya tambayi Ngozi, mai zama a kantar karɓar kuɗi, bambancinta da ɗayar. Ngozi ta ce wannan an cire mata mai ne.

"An cire man, kuma a sayar wa mutum?" in ji Badaru. "Baiwar Allah ba ta sani ba ne."

Ya saka mata mai mai, don tausayi. Ashe likita ne ya ɗora ta a kan rage ƙiba.

Duk da haka Madam Ibiso tana haƙuri da shi, saboda matan Hausawan unguwar sun soma oda tun da suka ji yana nan. Kafin zuwansa, wata Hajiya Maijidda ta nemi daddawa aka kai mata ogiri, irin daddawar Inyamurai mai ƙarfin wari, har maigidanta ya ɗauka ɓera ne ya mutu a kicin. Zuwan Badaru ya kawo ƙarshen wannan.

Ana nan sai ga sha huɗu ga Fabrairu, ranar da suke kira ta masoya. Tun safe kantin ya cika da jajayen kaya. Madam ta yi odar furanni daga Jos, amma kafin azahar an kwashe su tas. Wajen ƙarfe biyu wata oda ta shigo wayar Badaru, hoton ya ƙi buɗewa saboda rashin sabis. Ya miƙa wa Ngozi ta karanta masa. Ba ta ko ɗago ba ta ce fulawa ce, da kati, a kai wa wata Madam Boma a asibitin da take aikin nas.

Har ya kama hanyar layin fulawar fanke, sai hoton ya buɗe. Ashe fulawar ado ce, jajaye a tsakiya, ganye ya kewaye su, an naɗe da takarda mai walƙiya. Ya je inda ake ajiye su ya tarar da bokitai, ruwa kawai a ciki. Ya nemi Madam, aka ce ta fita.

Ya tsaya ya yi nazari yadda ya saba. Miji ne ya aiko wa matarsa. Abin da ke cikin hoton ganye ne da ja. To, ai akwai ganye a kantin nan, har wanda ya fi wannan amfani. Ya zaɓi ugu, ganyen miyar mutanen Kudu, ɗanye shar, ya haɗa da alayyafo, ya tsinto manyan tattasai guda bakwai jajaye jawur ya jera a tsakiya. Ya naɗe da takardar mai walƙiya, ya ɗaure da jan zare, ya maƙala katin. Da ya ɗaga ya duba, wallahi shi kansa abin ya burge shi. Ya miƙa wa mai okada yana jan kunnensa kada ya bari rana ta taɓa.

Abin da Badaru bai sani ba shi ne, kwana tara ke nan Madam Boma ba ta yi wa mijinta magana ba. Mijin, wani lauya mai suna Tamuno, shi ya rubuta a katin cewa ta yafe masa, wannan kyauta ita ce hoton yadda ya ɗauke ta a zuciyarsa. A gaban abokan aikinta ta kwance, suna tsaye da wayoyi suna jiran ɗaukar hoto.

Bayan la'asar Badaru yana jera gwangwanin tumatir ya ji ana kiran manaja da ƙarfi. Ya leƙo ya ga mace cikin fararen kayan nas, ta riƙe ɗaurin nan kamar za ta doki wani da shi. A bayanta wani mutum ne cikin baƙar kwat, gumi ya jiƙe masa wuya, yana ta rantsuwa cewa ba shi ba ne. Madam Ibiso, wadda dawowarta ke nan, ta dubi ɗaurin sau ɗaya. Ba ta tambayi kowa ba, ta ƙwala wa Badaru kira.

"Aboki, wetin be dis?" in ji Madam Boma, tana kaɗa masa ganyen a fuska.

Badaru ya rusuna. Ya cire hula ya gaishe ta, ya gaishe da maigidan, sannan ya yi bayani da Burokarsa mai kauri. Ya ce fulawar ta ƙare, kuma bai ga ya kamata oga ya aiko a koma masa da babu ba. Ya ce waccan ta hoton kwana biyu take yi ta bushe a zubar, wannan kuwa za ta yi miya har sau biyu.

"Miya!" Ta juya ga mijin. "Ka ji ko? Ko shi ya san a kicin kake ganina."

"Boma, ni wardi na zaɓa. Ga shi a wayata," in ji lauyan, yana neman ya nuna mata.

"Madam, oga ba shi da laifi," in ji Badaru. "Shi ma bai san za a samu ugu mai kyau haka a wannan rani ba."

Ngozi ta sunkuya bayan kanta, kafaɗunta suna rawa. Madam Boma ba ta yi dariya ba. Ta zazzage wa kantin, ta zazzage wa mijin, ta ce sai ta sa duniya ta ga hoton. Madam Ibiso ta yi ta ba da haƙuri, ta miƙa hannu za ta karɓi ɗaurin. Sai matar ta janye shi, ta ɗan murza ganyen ugun da yatsa, ta saƙale shi a hammata ta fice. Mijin ya bi ta da sauri.

Madam Ibiso ta karɓe wayar aiki, ta ce Badaru ya tafi gida sai ta neme shi.

Ranar bai iya cin tuwo ba. Ba korar ce ta fi damunsa ba, tunanin cewa ya shiga tsakanin mata da miji ne ya tsaya masa a rai. Da ya ba Rahinatu labari, ta yi dariya har ta zame daga kan kujera. Da ta ga da gaske idonsa ya yi ja, sai ta share hawayenta ta zauna kusa da shi.

"Malam, ba don a ci ake ba da fulawa ba. Don mace ta san an tuna da ita ne."

"To wanda ya kawo miki cefane bai tuna da ke ba?"

"Ya tuna da cikinsa dai," in ji ta.

Ya daɗe yana juya wannan magana. Washegari ya nemi ofishin lauyan ya je ya ba shi haƙuri. Mutumin ya dube shi ya girgiza kai. Ya ce a daren jiya dai an yi masa magana a gida, ko da yake zagi ne, kuma an zuba masa miyar ugu. Ya ce bai san ko ya gode ba ne ko ya kai ƙara.

Madam Boma ta cika alkawari, ta saka hoton a waya, ya kuwa zaga gari. Kwana uku bayan nan Madam Ibiso ta aiko a kira Badaru, don mutane sun dame ta da neman "fulawar Aboki." Mako biyu ya yi yana naɗe alayyafo a takarda mai walƙiya, 'yan mata suna ɗaukar hoto da shi yana kawar da kai. Daga nan aka manta, kamar yadda ake manta komai a waya.

Amma doka ta canza. Madam ta ce daga yau kada ya sake musanya ko tsinken sakace sai ya bugo wa mai kaya ya yarda. Sai wannan ma ta zo da tata rigimar, don Badaru ba ya iya faɗa wa mutum magana babu gaisuwa. Sai ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, da iyali, da aiki, da ruwan da aka yi jiya, kafin ya iso kan cewa sardin ya ƙare. Wasu sukan kashe wayar. Wasu, tun bai gama ba, sukan ce ya saka duk abin da ya ga dama, wanda hakan ya mayar da Madam inda ta fito.

Yanzu shekararsa ta huɗu ke nan a kantin, furfura ta soma fito masa a gemu. Akwai wani tsoho, Pa Wokoma, malamin makaranta mai ritaya, da matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna ƙasar waje. Kowace Talata sai ya yi odar wani biskit da kamfaninsa ya daina yi tun bara. Ngozi ce ta fara lura, ta ce a cire hoton daga jerin kaya. Madam Ibiso ta ce a bar shi.

Saboda haka kowace Talata da hantsi Badaru yakan jingina da firjin lemo ya buga. Su gaisa, tsohon ya ba shi labarin gwiwarsa da na jikarsa da ta soma tafiya, shi kuma ya gaya masa ko an yi shuka a Gumel. Sai sun yi kusan minti ashirin Badaru zai ce, "Papa, biskit ɗin nan fa har yau bai zo ba." Tsohon ya nuna mamaki sosai, ya ce to me ya gani mai kyau yau. Makon jiya gwanda ya aika masa, da ƙuli-ƙuli kaɗan, ya ce a jiƙa saboda haƙori.