Karen Baba Dogo da Farar Rigata

Ku yaran yanzu masu zuwa aiki a babur, ku saurara. Akwai Juma'ar da har yau ban taɓa mantawa da ita ba, lokacin ina masinja a ofishin dabbobi na Ƙaraye. Aji huɗu na yi a firamare, amma a ƙauye likita ake ce min, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Kare ya ciji wata yarinya a Yammedi, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ƙa'idar aiki ita ce a kawo karen a tsare shi kwana goma. In ya tashi lafiya, ba mahaukaci ba ne, a mayar wa mai shi. Maigidana, Malam Sule, ya ba ni keken ofis da akwatin katako, ya ce in sa karen a ciki, in ɗaure a bayan keke.

Mai karen Baba Dogo ne, tsoho mai raunin ido, karen ne ke korar masa birai daga gona. Mutanen gari sun so su kashe shi, na hana da murya irin ta hukuma. Na yi wa tsohon alkawarin dawo masa da abinsa.

To, ina da alwala, ga farar rigar Juma'a. Na dubi bakin karen, na ce wannan yawun ba zai taɓa ni ba. Sai na bar akwatin wofi, na ɗaure igiyar wuyansa a bayan keke, na yi ta taka feda don in sami salla. Rana tana tsaka. Ban waiwaya ba, don babban ma'aikaci ba ya waiwaye.

Muna shiga Ƙaraye karen ya faɗi, harshe a waje, kumfa a baki. Wani ya ce mahaukacin kare, kafin in jingine keke an gama da shi da sanduna. Yarinyar kuma dole ta sha allurai duka, tunda babu sauran karen da za a duba.

Da Malam Sule ya tsare ni, na tambaye shi wace doka ce ta hana jan kare da keke. Ya ce shi ma bai san ta ba, amma akwatin ba don ado aka ba ni ba. Limaminmu ma daga baya ya ce yawun kare ba ya karya alwala.

Na koma Yammedi da jawabina a shirye. Baba Dogo bai yi faɗa ba.

"Likita," ya ce, "ka dai ba shi ruwa a hanya?"

Rafi biyu muka wuce. Ban tsaya a ko ɗaya ba.

A wannan aiki, talaka yakan miƙa maka dabbarsa ba tare da ya tambayi ajinka ba. In an ba ku akwati, ku sa dabbar a ciki, riga a wanke ta daga baya.