Hanyar Haske a Cikin Gilashi

Mahaifina mai yankan gilashi ne a kasuwar Katako. Kafintoci ke kawo masa tagogi yana sa musu gilashi. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta fiziks, na ci karo da wata takarda a shagon intanet. Ta yi bayanin wata na'urar leza mai harba haske cikin gajeren lokacin da ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Da ita ake zana siririyar hanya a tsakiyar gilashi ba tare da an taɓa bayansa ba, haske ya riƙa bin hanyar yana ɗauke da saƙo.

Na kai wa malamina takardar, na ce a kanta zan yi aikin kammala karatu.

"Ba mu da wannan na'ura," in ji shi. "Da me za ki yi?"

"Malam, lissafin zan yi da hannu. Sauran kuma zan nemo."

"To, kawo min abin da zan gani da idona."

Na sayi ƙaramar leza irin ta maƙalin makulli a kasuwar Laranto. Baba ya yanko min siraran gilasai. Duk wanda na haska, sai hasken ya watse tun bai kai rabi ba. Ranar da na shida ya ƙi, na ajiye lezar na zauna a kan benci.

Baba ya shafa gefen gilashin da yatsa. "Bakin ne bai gogu ba. Miƙo min dutse da ruwa."

Kwana uku muna guga, yatsuna duk suka tsage. Da na haska na bakwai, jan ɗigo ya fito tar a ɗaya ƙarshen. Malamina ya gani, ya sa hannu.

Daga nan na shiga aika wasiƙu ga masu irin wannan bincike a ƙasashen waje. Mutum ɗaya ce ta amsa, wata farfesa, har ta aiko min da ɗan guntun gilashi mai hanyoyi a ciki. Baba ya daɗe yana bin sa da farce, bai ji ko ƙwarzane ba.

"A ciki suka yanka? Lallai sai ki je ki koyo."

Shekara biyu na yi ina nema kafin ta ɗauke ni ɗaliba. Hanyar farko da na zana da kaina a ɗakin bincikenta, gilashin tsagewa ya yi. Na rage ƙarfin lezar, na ɗauko wani.