Labarin nawa ne, rubutun hannun nata

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da biyu, ban yi aure ba, ina koyon ɗinki a shagon wata Hajiya a bayan kasuwar Tarauni. Gaskiya ɗinkin bai dame ni ba, littafi ne ya dame ni. Akwai wani ɗan shagon hayar littattafai a kan hanyarmu, mai shagon har ya san halina, in sabon littafi mai aljani a bango ya zo sai ya ɓoye mini a ƙarƙashin benci. Sarakunan aljanu, zoben tsafi, bokaye masu zama a kogo, su ne abincina. Tun a lokacin na lura cewa a irin waɗannan labarai sihiri ba ya tafiya shi kaɗai, kullum sha'awa na biye da shi. Ko aljani ya ƙyalla ido ya ga 'yar mutane, ko boka ya ce asiri ba zai ci ba sai mace ta ba shi kanta, ko a ce ƙarfin jaruma yana nan muddin namiji bai taɓa ta ba. Abin da marubuci ke jin nauyin faɗa da bakinsa sai ya ɗora wa aljani, mu kuma mu karanta hankali kwance, tunda ai ba mutum ne ya aikata ba.

A shagon ɗinkin nake da aminiyata, sa'ata, 'yar Gyadi-Gyadi. Kekunanmu na ɗinki suna manne da juna. Har yau in ruwan damina ya sauka a kan kwano, ita nake tunawa: wuta ta ɗauke, Hajiya ta tafi gida, mu biyu mun baje a kan tarin ƙyallaye muna cin awara da yaji a takarda, ina ba ta labarin da na ƙirƙira tana dariya har da riƙe ciki. In an tashi sai mu ƙi hawa adaidaita, mu taka a ƙasa har ƙofar gidansu don labarin kada ya katse. Mahaifiyarta, wadda ni ma Inna nake ce mata, ba ta taɓa barina na juya ban ci tuwo ba. Takan ce ta haifi ɗaya, Allah ya ƙara mata ɗaya mai surutu.

Aminiyar tawa ce ta matsa mini in riƙa rubuta labaran. Matsalar ita ce rubutuna, kamar kaza ta yi tono a tsakar gida, ni kaina wani lokaci sai na yi da gaske nake gane shi. Ita kuwa Allah ya ba ta hannu, haruffanta a jere reras. Sai muka raba aiki. Ni in zuba a takardun da muke yanka samfurin riga, ita ta tafi da su gida ta kwafe a littafin rubutu mai ganye tamanin, takardun nawa kuma a hura wuta da su. Ba mu sa sunan kowa a bango ba, don kunya.

Labarin da ya fi tashe shi ne na wata budurwa da ɗan sarkin aljanu ke fitowa daga rijiyar gidansu yana zuwar mata. Duk zuwan da ya yi sai ta tashi da sabuwar baiwa, yau ta ji abin da ke zuciyar mutane, gobe ta ga abin da ke bayan bango. Sharaɗinsa ɗaya ne, duk ɗan Adam ɗin da ya aure ta ya kusance ta, hankalinsa zai gushe kafin sati. Don ya fi shiga rai sai na rubuta shi da bakin budurwar, na ce, ya zo mini, na ji kaza. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na saki alƙalami a wuraren da bai kamata ba. Ban san komai a kan namiji ba, duk tsince-tsince ne daga littattafan haya da hirar matan aure masu kawo ɗinki, amma na iya jera magana. Aminiyar tawa takan rufe fuska da mayafi ta ce Allah ya shirye ni, sannan ta kwafe tsaf. Rijiyar ma ta gidansu na kwatanta, har da bishiyar gwaibar da ke gefenta, don ita na fi sani.

Littafin ya shiga hannun 'yan mata, daga wannan gida zuwa wancan, wajen kitso, wajen lalle. Na ji daɗi ƙwarai. Ina zaune a kan keke ina jin ana gardama a kan ko budurwar za ta rabu da aljanin, ina murmushi a ciki.

A lokacin an riga an sa wa aminiyata rana da wani malamin firamare da take so kamar ranta. Ƙanwarsa ce ta ari littafin, mahaifiyarsu ta tsince shi a ɗaki. Da aka karanta mata, aka kuma gwada shi da wasiƙun da aminiyata ke aiko wa ɗanta, sai ga hannu ɗaya. Ga rijiya, ga gwaiba, ga mai labari tana cewa ni. Matar ba ta ɗauke shi a ƙagaggen labari ba. Ta ɗauka yarinya ce mai namijin dare take amayar da abin da ke damunta, kuma ɗanta ne zai haukace. Ta yafa mayafi ta nufi Gyadi-Gyadi da littafin a hannu.

Aminiyata ta rantse cewa labari ne kawai, kuma kwafa ta yi. Aka ce to wa ya tsara, ta ƙi faɗa. Washegari da hantsi Inna ta zo har shago, ta ja ni gefe, idonta ya yi ja. Ta ce ni ce na fi kowa sanin 'yarta, in gaya mata tsakanina da Allah ko na san wanda ya ƙirƙiri wannan abu. A nan na yi abin da nake kuka da shi har yau. Na tuna mahaifina da yadda ake ganin girmansa a masallacin unguwa, na tuna shafukan nan da za a ce budurwa ta san su daga ina. Sai na sunkuyar da kai na ce ni ma karantawa kawai na yi. Inna ta ce Allah ya yi mini albarka, ta tafi.

Aka kira malami ya yi wa aminiyata ruƙiyya kwana uku. Lafiyarta ƙalau, amma baƙin ciki ya sa ta kuka, aka ce ai ga shi nan aljanin ne ke kuka. Saurayin ya yi ta ƙoƙari, sai dai bai iya ja da mahaifiyarsa ba, aka aiko aka karɓi kayan sa rana. Aka cike rijiyar da ƙasa. Ita kuma aka mai da ita wajen gwaggonta a Hotoro, don a unguwa mata sun fara janye 'ya'yansu in ta wuce. Kullum ina cewa gobe zan je in faɗi gaskiya, har na yi aure, har na ji ita ma ta yi aure a wani gari.

Bara muka haɗu a kasuwar Tarauni wajen masu zare. Ita ta fara gane ni, ta rungume ni tana tsokanata, wai har yanzu ina sa aljanu aiki ko na sallame su. Muka zauna a bencin wani shago, na kasa haɗa ido da ita, na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun tuni, mijinta mutumin kirki ne, 'ya'yanta huɗu. Ta ce ta ƙi faɗar sunana ne don ta tabbata zan zo da ƙafata. Sannan ta gaya mini abin da ya karya ni. Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina yi mata tofi a ruwa ba duk zuwan da ta yi gida, tana tambayarta a hankali ko abin nan ya daina zuwa. Na tambaye ta ko har yanzu tana rubutun nan nata mai kyau. Ta yi dariya ta ce ban da awon riga ba ta ƙara rubuta komai ba.

Ban ce a daina labaran aljanu ba, har gobe ina son su, kuma waɗancan kwanakin na shago su ne mafi daɗi a rayuwata. Amma 'yan uwana masu rubutu, musamman yanzu da labari ke yawo a waya cikin minti ɗaya, ku sani a garin nan aljani ba wasa ba ne a wajen iyayenmu. Abin da kika rubuta don nishaɗi, wata uwa gaskiya za ta ɗauke shi. Kada ki ari gidan wani, ko hannun wani, ki ɓoye sha'awarki a ciki. In ba za ki iya tsayawa ki ce ni na rubuta ba, to ki ajiye alƙalamin. Ni an tambaye ni sau ɗaya, wadda ta tambaye ni kuma yanzu tana kabari, ba ta ji amsar ba. Edita, ku yi haƙuri da munin rubutun wannan wasiƙa. Da hannuna na rubuta ta, ban ba kowa ya kwafe mini ba.